Sharhi Kan Kamfanin Da Ya Mayar Mana Da Ramin Tsakuwa Wurin Kiwo, Bayan Damina Uku

Damina uku ke nan da kamfanin da aka ɗauka domin gyaran filinmu ya kwashe injunansa ya tafi, kuma da gangan na ƙi rubuta komai a kan aikinsa sai yanzu, domin filin da aka haƙi tsakuwa a cikinsa yana iya yin kore shar a shekarar farko ko da aikin ganin ido aka yi masa. Ingancin irin wannan aiki ba ya bayyana sai ciyawar farko ta bushe, ruwan sama mai ƙarfi ya zane gangaren sau da dama, sannan kofaton dabbobi ya taka wurin. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, saboda a cikin abin da zan faɗa akwai yabo kuma akwai ƙorafi, sannan abin da zai fi amfanar mai karatu shi ne ya san inda zai sa ido idan irin wannan hidima ta zo kan filinsa.

Filin namu na gado ne, kuma tun asali kiwo ake yi a cikinsa. Kimanin hekta tara daga ciki muka ba masu haƙar tsakuwa haya na shekara bakwai, bisa sharaɗin cewa idan sun gama za su mayar da shi yadda dabba za ta shiga ta ci ta fita lafiya. Ranar da suka tashi, abin da suka bari shi ne rami mai zurfin mita shida wanda bangonsa ke tsaye kamar an yanka da wuƙa, ƙasansa ya zama fako, ga kuma wani ƙaton tulin ƙasa a gefe guda. Da yake gyara ba sana'arsu ba ce, sai suka ba wani kamfani na daban kwangilar aikin, 'yan'uwana kuma suka wakilta ni in riƙa zuwa ina duba yadda yake tafiya. Irin wannan rami ba a kanmu aka fara ba, domin hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa duniya tana amfani da yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 a kowace shekara, adadin da ruwa ne kaɗai ya fi shi a cikin albarkatun da ɗan Adam yake ɗiba, kuma kowace tifa ɗaya da ta tashi da kaya ta bar gurbi a bayanta.

Abin da ya fara sa na saki jiki da kamfanin ya faru ne a zuwansu na farko. Injiniyan da ke jagorantar aikin bai tsaya kallon ramin ba, sai ya wuce kai tsaye wurin tulin ƙasar saman da masu haƙa suka kankare suka ajiye tun shekarar farko, ya sa aka yanka tulin da katafila har tsakiyarsa. Ya ɗebo ƙasa a tafin hannunsa ya miƙo mini, ya ce, "Malam, don Allah shinshina wannan." Ƙasar ta yi toka-toka, ta dunƙule kamar sabulu, tana tashin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ya sake ɗebo wata daga fatar tulin, inda ciyayi suka fito, ita kuwa baƙa ce mai ƙanshin sabon ruwan sama, da ƙananan saiwoyi a cikinta. Ya bayyana mini cewa an tara ƙasar ta kai tsayin mita takwas, alhali abin da aka saba ba da shawara a kai shi ne kada tulin ya wuce mita biyu ko kusa da haka, kuma a shuka masa ciyawa a kai, domin idan ya yi tsawo nauyin sama yana danne na ƙasa, iska ta daina shiga, ƙananan halittun da ke raya ƙasa su mutu, tare da yawancin irin ciyawar da ke kwance a cikinta yana jiran ruwa. Wannan ba laifinsu ba ne, kuma da sun so da sun baza ƙasar a haka ba tare da na san komai ba. Sun faɗa mini, sun kuma rubuta shi a takardar binciken da suka ba mu.

Sun yi mini lissafi a gabana, wanda nake ganin ya kamata duk mai fili ya iya shi. Idan ana son shimfiɗa ƙasar sama mai kaurin santimita 15 a kan hekta ɗaya, ana buƙatar kubik mita 1,500, wato hekta tara tana cin kubik mita 13,500. Da aka auna tulin namu sai aka ga bai kai haka ba, saboda iska da ruwa sun kwashi rabonsu a cikin shekara bakwai, ga kuma wanda aka yi sakaci aka gauraya da tsakuwa tun wurin kankara. Ƙasar sama kuwa ba abu ba ce da ake jira ta dawo da kanta, tunda santimita ɗaya tak tana iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta samu. Shawarar da suka yanke ita ce a ba gangaren kaso mafi tsoka, tunda can ne ruwa ke gudu, a ƙasan ramin kuma a cuɗa abin da ya rage da laka mai laushi da ta taru a tafkin wanke tsakuwa, a ƙara da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe. Tsakuwa zalla ba ta riƙe ruwa, yana zurarewa ne kamar an zuba a kwando, saboda haka lakar nan da masu haƙa suka ɗauka a matsayin shara ita ce ta zama abin da ke riƙe danshi a yau.

A aikin sassaƙa bangon ramin ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Sun kwantar da shi ta yadda duk mita ɗaya na tsayi yana da mita uku na shimfiɗa, wanda ke nufin bango mai mita shida ya buƙaci faɗin mita 18 kafin ya sauka ƙasa, kuma a irin wannan gangare saniya mai ciki tana iya sauka ta hau ba tare da ta zame ba. Akwai wata dabara da na gani wadda da farko na zaci wasa direban katafilar yake yi, domin bayan an baza ƙasa sai ya riƙa hawa gangaren yana saukowa a miƙe, ba ya bin gefe. Da na matsa kusa na duba, sai na ga haƙoran sarƙar katafilar suna barin ƙananan kunyoyi a kwance a gicciye, ɗaruruwa a jere daga sama har ƙasa, kowace tana iya tare ɗigon ruwa da ƙwayar iri. Da ya bi ta gefe, da sawun ya miƙe daga sama zuwa ƙasa ya zama hanyar ruwa. Direban dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma a ganina rabin nasarar aikin a hannunsa take.

Ƙasan ramin shi ne wurin da ya fi ba su wahala, domin shekara bakwai manyan motoci ɗauke da kaya suna bi ta kai har ya daskare, diga ma idan an sara sai ta yi tsalle ta dawo. Injiniyan ya kafa gwangwani marar gindi a wurin ya cika shi da ruwa, muka yi hira fiye da awa ɗaya, da muka dawo ruwan bai ragu da kaurin yatsa ba. Saiwar ciyawa ba ta iya huda irin wannan ƙasa, takan kwanta ne a sama, rani na farko ya kashe ta. Maganinsa shi ne aka ɗaura wa katafila dogayen haƙoran ƙarfe a baya aka tsaga ƙasar zurfin santimita 60, ana bin kwanciyar fili a gicciye, kuma suka dage sai lokacin da ƙasa ta bushe, saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta farfashewa, lanƙwasawa take yi ta sake manne. Wata rana na iske direbobin tifa biyu sun yanke ta tsakiyar wurin da aka riga aka tsaga domin su rage tafiya, na kai ƙara, kuma ba tare da gardama ba aka sake tsaga wurin washegari.

Sai dai a nan ne kuma suka bar kuskuren da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya daga baya. Hanyar da motoci ke bi su sauka cikin ramin ta gefen gabas, ita ce suka yi amfani da ita har ranar ƙarshe, kuma da za su tafi sai suka watsa mata ƙasa a kai ba tare da sun tsaga ta ba. Ruwan sama na milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne, don haka ruwan dare ɗaya na milimita 30 a kan hekta tara ya kai lita miliyan 2.7, kuma duk abin da ƙasa ba ta shanye ba sai ya nemi hanya mafi sauƙi. Tsohuwar hanyar motar nan ita ya samu. A tsakiyar damina ta farko ƙasar da aka watsa ta wanke, ƙaramar ƙorama ta buɗe wadda ta kai gwiwa, kafin ƙarshen damina kuma ta kai ƙugu a wasu wurare.

Babban ƙorafina a kan iri ne. Yarjejeniyar ta ce za a shuka ciyawar kiwo da ta dace da wurin, kuma ni ma da laifina, domin na karanta wannan jimla na wuce ba tare da na nemi a fayyace ba. Buhunan da aka kawo ba su ɗauke da takardar da ke nuna sunayen ciyayin da ke ciki, da kason kowace, da yawan wanda zai tsira a cikin ɗari, kuma da na tambaya sai aka ce za a aiko mini da ita, har yau ban gan ta ba. Bayan ruwa ya sauka filin ya rufe da kore cikin 'yan makonni, duk wanda ya gani sai ya yi mana barka. Da kaka ta yi sai na fahimci cewa mafi yawan abin da ya fito ciyawa ce mai shekara ɗaya, wadda ke tashi da sauri, ta yi iri, ta mutu. Adalci ya sa in faɗi cewa saka irin wannan ciyawa kaɗan a cikin gauraye dabara ce sananniya, domin tana rufe ƙasa da wuri ta kare ta kafin mai daɗewa ta kafu. Amma idan ta yi yawa sai ta shanye ruwa ta yi wa mai daɗewa inuwa, ita kuwa mai daɗewa a shekararta ta farko ƙarfinta duk a saiwa yake tafiya, a sama ba ta da kyan gani. Kamfanin da ke son hoto mai kyau ranar miƙa aiki yana da dalilin cika buhu da mai saurin fitowa, kuma ina zargin abin da ya faru ke nan. Haka nan ban ga ko ɗaya daga dangin wake ba a cikin abin da ya tsiro, alhali su ne ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su ajiye a ƙasa, abin da ƙasar da ta kwana shekaru a tuli ta fi komai buƙata.

Sanin abin da ke cikin buhu ba ƙaramin al'amari ba ne, domin ciyawar da take alheri a wani wuri tana iya zama annoba a wani. Gamba, wadda asalinta daga Afirka take kuma makiyaya suka san darajarta, an kai ta arewacin Ostireliya a shekarun 1930 domin kiwon shanu, ta bazu ta mamaye daji, tana tara busasshen kara mai yawa wanda ke sa gobarar daji ta yi zafin da ke kashe manyan bishiyoyi, har a 2012 aka sa ta cikin jerin ciyayi masu ɓarna na ƙasar baki ɗaya. Mu ba mu gamu da irin wannan ba, amma tattakar da aka shimfiɗa domin rufe iri ta zo mana da wata ciyawa mai ƙaya da ba mu san ta a filin ba, kuma sai da muka yi damina biyu muna tuge ta da hannu kafin ta yi fure.

Shingen da suka yi na waya mai ƙaya ne layi uku, wanda ya isa ya tare saniya amma ga akuya ƙofa ce a buɗe. Sun faɗa mana gaskiya cewa filin yana buƙatar hutun damina biyu aƙalla kafin baki ya taɓa shi, sai dai ba su tambaye mu irin dabbobin da ke yawo a kewayen ba, kuma da kuɗinmu muka ƙara raga a ƙasan shingen. Riƙe wannan hutu ya fi aikin injuna wuya, domin a ƙarshen rani, lokacin da ko'ina ya bushe, babban yayanmu ya tsaya a bakin shingen yana kallon ciyawa a ciki, ya ce mini, "Yanzu fisabilillahi ga abinci a tsaye, dabbobi na ramewa, ka ce a bari?" Na ce, "Yaya, a yi haƙuri a gwada abu ɗaya." Na damƙi wani ƙullin ciyawa na fizga kamar yadda harshen saniya ke yi, wanda injiniyan ne ya koya mini, sai ga shi ya fito gaba ɗaya da saiwarsa da ƙasar da ke jikinta. Idan ciyawa ta kafu, ganyen ne ke tsinkewa ya bar gindin. Ya juya ƙullin a hannunsa, ya mayar da shi ramin da ya fito ya danna da ƙafa, bai sake tayar da maganar ba sai shekara ta zagayo.

Game da kulawa bayan kammala aiki, nan ma sun gaza a farko. Sai da na yi mako shida ina kira ina aika hotunan ƙoramar nan kafin wani ya zo, kuma a cikin makonnin nan shida ƙoramar ta ninka. Ban yi imani cewa kunya ce ta dawo da su ba, abin da ya dawo da su shi ne wani kaso na kuɗin kwangilar da aka riƙe sai bayan shekara biyu, kuma da sa hannuna za a sake shi. Wannan tsari na riƙe kuɗi ba sabon abu ba ne a harkar ma'adinai. Dokar Amurka ta 1977 a kan haƙar kwal ta ɗora wa kamfani alhakin ciyawar da ya shuka na shekara biyar a inda ruwan sama ya wuce inci 26 a shekara, kimanin milimita 660, da shekara goma a inda bai wuce haka ba, saboda an san ƙasa mai ƙarancin ruwa tana jinkirin nuna gaskiyarta. Dokar ba ta shafi tsakuwa ba, amma hikimar ɗaya ce, kuma idan aka auna da ita za a ga shekara biyun da muka amince da su sun yi kaɗan. A lardin Ontariyo na Kanada kuwa doka ta wajabta wa masu haƙar tsakuwa su riƙa gyara ɓangaren da suka gama tun suna cikin aiki a wani ɓangaren, wanda da an yi mana haka da ƙasar samanmu ba ta kwana shekara bakwai a tuli tana ruɓewa ba.

Da suka dawo, gyaran da suka yi ya fi aikin farko kyau. Sun tsaga tsohuwar hanyar motar, sun jera duwatsu a gicciye cikin ƙoramar a matakai domin rage gudun ruwa da tare ƙasa, sun kuma yi ƙaramar kunya a saman gangaren wadda ke karkatar da ruwa ya bazu. A maimakon buhun iri, sai suka jira ciyawar filinmu na kusa wanda ba a taɓa haƙa ba ta nuna, suka yanke ta da irinta a jiki, suka shimfiɗa ta a wuraren da suka yi sanƙo. Ta haka abu ɗaya ya zama iri kuma ya zama rufi, sannan ciyawa ce da ta riga ta saba da ƙasar da ruwan wurin. Wuraren da aka yi wa haka su ne suka fi ko'ina kauri a yau, kuma har yanzu ina mamakin abin da ya hana su farawa da wannan tun farko.

Sun bar mana ƙaramin tafki a wuri mafi zurfi domin mashaya, bisa roƙonmu. Bakinsa laka ce mai santsi, har wani ɗan maraƙi da ya kutsa ya kafe a ciki sai da aka jawo shi da igiya, daga nan suka shimfiɗa tsakuwa a gefe ɗaya ta zama mashiga, suka kewaye sauran. Ruwan ba ya kai ƙarshen rani.

Rahoton ƙarshe da suka kawo hotuna ne masu kyau waɗanda aka ɗauka daga nesa kuma a tsugune, ta yadda ko ciyawa tsilli-tsilli za ta fito kamar darduma. Na ƙi sa hannu a kansa, na nemi a auna. Muka miƙa igiya mai tsawon mita 100 a wurare daban-daban, a kowace mita muka rubuta abin da ke ƙarƙashinta, ko ciyawa mai rai, ko busasshen ganye, ko tsakuwa, ko ƙasa tsirara, sannan muka yi daidai haka a filin da ba a haƙa ba domin kwatantawa. A damina ta ukun nan na sake yin awon da kaina, kuma abin da na samu a filin da aka gyara ya kai wajen kashi biyu cikin uku na abin da ke filin asali, ƙasan ramin ya fi gangaren kyau, gefen gabas kuma shi ne koma baya. A bana muka fara shigar da shanu na kwana goma bayan ciyawa ta zubar da iri, muna lissafi da cewa saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kimanin kilo shida a rana, kuma muka fitar da su tun rabin abin da ke tsaye bai ƙare ba.

Idan aka tambaye ni ko zan sake ɗaukar wannan kamfani, zan sake ɗaukarsa a aikin ƙasa da injuna ba tare da jinkiri ba, amma ba zan bar masa zaɓin iri ba sai an rubuta sunan kowace ciyawa da kasonta a cikin yarjejeniya, an rubuta adadin kwanakin da za su amsa kira a cikinsu, an kuma ɗaure sakin kuɗin ƙarshe da awon igiya a damina ta uku. Gefen gabas har yanzu a killace yake, mun tanadi ciyawar da muka yanka da irinta domin shimfiɗawa kafin ruwan farko, kuma na sake rubuta wa kamfanin wasiƙa ina neman takardar buhunan irin nan.